Gwaggon Kwamfuta da Na'urar da Ke Tashi Ƙarfe Huɗu

Kafin sauran masu shaguna su ɗaga ƙofofinsu, Gwaggo ta riga ta iso. Shagonta shi ne na ƙarshe a bene na biyu na rukunin masu gyaran kwamfuta, can inda baranda ta ƙare, kusa da wata taga mai tsagaggen gilashi da ba wanda ya damu ya canza. Takan buɗe kwaɗo, ta tsaya a bakin ƙofa kamar minti ɗaya ba ta kunna fitila ba. Tela maƙwabcinta ya taɓa tambayarta abin da take jira a cikin duhun, ta ce masa sauraro take yi. Bai sake tambaya ba.

Kantoci uku ne jingine da bangon shagon, cike da kwamfutocin da masu su suka kawo gyara ba su dawo ba. Wasu sun yi ƙaura, wasu sun manta, wasu kuma kowa ya san inda suka tafi. Kowace da 'yar takarda manne a goshinta, da ranar da aka kawo ta. Gwaggo ba ta sayar da su, ba ta kuma kwance su don ta ciri kayan gyara. Kowace safiya takan bi su da tsumma ɗaya bayan ɗaya, baƙaƙen allunansu suna nuno mata fuskarta tana wucewa, sannan ta zauna ta sa tabarau.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan. Da aikin buga takardu ta fara a wani ofis, kwamfutar ofishin ta riƙa mutuwa, mai gyara ya riƙa yanga, ran nan ta gaji ta ɗauki sukudireba da kanta. Sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane tun tuni. Gwaggon Kwamfuta ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. A ƙarshen watan nan za ta rufe shagon, don hannunta ya fara rawa, ƙananan kusoshi sun fara zille mata. Shi ya sa ya kamata a faɗi wani abu a kanta tun tana ji da kunnenta.

Gwanintarta a wuri guda take, wurin da yawancin masu gyara suke gudu. A cikin kowace kwamfuta akwai wata 'yar manhaja da ke manne a jikin injin, masu sana'ar suna ce mata bayos. Ita ce ke farkawa kafin kowa idan an danna maɓalli. Sai ta duba agogo, ta ƙirga kayan ciki, ta je rumbun ajiya ta ƙwanƙwasa wa babbar manhaja ƙofa ta tashe ta. Idan ta ɓata hanya ba ta samu ƙofar ba, allo zai tsaya baƙi ƙirin, da ɗan farin layi yana ƙiftawa a kusurwa. Nan ne samarin rukunin suke cewa a yi fomat, wato a goge rumbun ƙaƙaf a sa sabuwar manhaja, mai kaya ya tafi.

Gwaggo kuwa tana da doka biyu, kuma an sha yi mata dariya a kansu. Ta farko, ba ta canza ko layi ɗaya a cikin bayos sai ta kwafe duk abin da ta tarar a wani littafi, da biro, shafi bayan shafi. Ta biyu, ba ta goge komai sai ta tambaya: "Ta wa ce?" Akwai wani mai gyara a ƙasan bene da ake wa laƙabi da Shaf-shaf, saboda kafin ka gama yi masa bayani ya riga ya goge maka kwamfuta. Shi ne ya fi kowa tsokanarta. Yakan ce Gwaggo ba gyara take yi ba, zaman gaisuwa take yi da injuna.

Ke ce, Gwaggo, aka kira zuwa wata makaranta da kwamfutocinta goma sha takwas suka wayi gari duk sun koma wata shekara da ba a haifi ko ɗaya daga cikin ɗaliban ba, malamai suka ƙi shiga ɗakin. Kika shiga ke kaɗai da ledar ƙananan batura a hannu, kika fito kafin azahar. Ke ce mai kantin magani ya kira, ya kanga wayarsa a jikin injinsa, kika saurari kukansa sau uku, kika gaya masa abin da ya kwance a ciki ba ki taka ƙafa wurin ba. Waɗannan duk an sani. Amma aikin da ya sa Shaf-shaf ya daina tsokana, shi ne na kwamfutar ƙarfe huɗu.

Wata bakwai da suka wuce, wata ma'aikaciyar jinya ta hau benen nan rungume da tsohuwar kwamfutar tebur, Shaf-shaf yana biye da ita riƙe da wayoyi. Bai saba rako aiki sama ba. Ya ajiye wayoyin a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Gwaggo, ga wannan. Ni dai na cire hannuna," in ji shi.

Gwaggo ta dubi matar. "Ta wa ce?"

"Ta yayana ce."

"Ya san kin kawo ta?"

"Ya rasu, Gwaggo. Wata uku ke nan."

"Allah ya jiƙansa. Zauna, 'yata."

Nas ɗin ta zauna ta ba da labari, idonta a kan hannuwanta. Yayanta malamin makaranta ne, bai yi aure ba, shi da mahaifiyarsu ke zaune, ita kuma ta dawo gidan bayan rasuwarsa. Tsohuwar ba ta gani, shekara shida ke nan. Kullum ƙarfe huɗu, idan ya dawo daga aiki, yakan zaunar da ita a ɗakinsa ya karanta mata littafi na rabin awa. Bayan ya rasu aka ja ƙofar ɗakin aka bar komai yadda yake. Da baƙi suka watse, gida ya yi shiru, ran nan da yamma tsohuwa ta ce, "Akwai mutum a ɗakin yaron nan." Nas ta tura ƙofa. Ba kowa. Kwamfutar ce a kunne, fanka tana juyawa, allo baƙi, farin layi yana ƙiftawa. Ta duba agogon bango, ƙarfe huɗu daidai. Ta kashe ta. Washegari ƙarfe huɗu ta sake tashi, haka jibi. Ranar da babu wuta kawai take fashi.

"Na zare ta daga soket," in ji Nas. "Inna ta yi kuka kwana biyu, sai da na mayar. Yanzu tun ƙarfe biyu take jan kujera ta zauna a bakin ƙofar. Wai yana son ya ce wani abu ne, an riƙe masa baki. Ba ta cin abinci, Gwaggo. Aikina ne, na san yadda mutum yake ƙarewa, kuma ina kallonta tana ƙarewa. Ni dai a goge komai a sa sabuwa, ko ta daina. Ba abin da ke ciki nake so ba, shiru nake so a gidan."

Shaf-shaf ya ƙarasa daga bakin ƙofa. Ya soka wa injin filas ɗinsa, ɗan abin ajiyar da ke ɗauke da sabuwar manhaja, ta fara shiga lafiya lau, sai ta tsaya ta ce ba za ta zauna a wannan rumbun ba sai an goge shi duka. Ya ɗora yatsa zai amince, aka ɗauke wuta. Da aka dawo da ita ya sake, ya iso daidai wurin, aka sake ɗaukewa. A nan ne matar ta ba shi labarin ƙarfe huɗu.

"Wutar unguwar nan kullum haka take, ai ka sani," in ji Gwaggo.

"Na sani. Amma ina da iyali."

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ɗora kwamfutar a kan teburinta, ta haɗa mata allo da madannai da 'yar sifika, ta sa ta a soket, ba ta danna komai ba. Ta tambayi lokaci, aka ce uku da rabi. Ta ce to su jira ta.

Rabin awar nan ya yi tsawo. Tela ya ji labari ya bar kekensa ya zo ya tsaya bayan Shaf-shaf. Rana tana shigowa ta tsagaggen gilashi, ta kwanta a kan kantocin nan na injunan da ba a dawo ɗauka ba. Hayaniyar titi tana nan yadda take, masu mota suna ta hon, amma a cikin shagon ba mai ko tari. Gwaggo ta harɗe hannuwa a ƙirji don kowa ya ga ba ta taɓa komai ba. Ana saura 'yan daƙiƙu Nas ta rufe ido.

Wani ɗan ƙaras ya fito daga cikin akwatin. Koriyar fitila ta kama. Fanka ta ja numfashi ta fara juyawa, ƙurar ɗakin mamacin ta fito ta bayan injin ta tashi a cikin hasken rana. Allo ya yi haske kaɗan, ya koma baƙi, farin layin ya fara ƙiftawa. Tela ya ja da baya har ya taka ƙafar Shaf-shaf.

Gwaggo ta faɗa da bakinta daga baya cewa ita ma tsikar jikinta ta tashi. Ta san akwai dalili, shekara talatin sun koya mata haka, amma sanin bai hana ta jin tsoro ba. Ta kashe injin, ta sake kunnawa tana danna maɓallin shiga bayos. Shuɗin allo ya bayyana. Ta buɗe littafinta ta fara kwafa, layi bayan layi, mutum uku suna tsaye a kanta kamar za su ci ta don ƙagara. Ko a jikinta.

A shafi na biyar biron ya tsaya. Akwai wani layi can ƙasa da ba kowa ke leƙawa ba, wanda ke ba injin umarnin ya tashi da kansa. A kunne yake. Rana, kullum. Lokaci, ƙarfe huɗu na yamma.

"Ba aljani ba ne, 'yata," in ji Gwaggo. "Yayanki ne. Da hannunsa ya sa wannan."

Ta zaci maganar za ta kwantar wa Nas da hankali, sai ta ga ta ƙara rikicewa. "To don me? Me zai sa ya tashe ta ta zauna baƙa haka?"

"Ba don ta zauna baƙa ya tashe ta ba. Bari in ƙarasa."

A shafi na gaba ta samu ɗayan rabin. Bayos tana da hanya biyu ta neman babbar manhaja, tsohon salo da sabon salo. Rumbun da aka tsara a tsohon salo, idan ka juya bayos zuwa sabo, za ta wuce ta gabansa ba ta gan shi ba, ko da komai yana ciki lafiya. Wannan rumbun na tsohon salo ne, bayos kuwa an juya ta zuwa sabo. Mutum ba ya yin haka sai idan yana shirin sa sabuwar manhaja. Gwaggo ta tambayi Nas ko yayanta ya taɓa injin dab da tafiyarsa asibiti.

Nas ta ce, "Ranar da ya faɗi na zo gidan, a gaban kwamfutar na same shi. Ina ɗaga shi yana cewa, bari, saura kaɗan, gobe zan ƙarasa."

"To ga shi nan. Ya ga ta tsufa, yana so ya sabunta ta don ta daɗe. Ya juya wannan, bai samu ya yi sauran ba. Wata uku tana tashi a kan lokaci, tana neman ƙofa, ƙofar kuma tana gabanta."

Shaf-shaf ya ce ai sai a juya a gani. Gwaggo ta ce a'a. Ta kwance murfin akwatin, ta ciro rumbun, ta kwafe shi dungurungum a wani nata na ajiya, don tsohon rumbu yakan mutu a daidai ranar da aka fi bukatarsa. Wannan ya ci awa ɗaya da wani abu. Ba wanda ya tafi. Da ta gama ta mayar da shi, ta shiga bayos, ta juya layi ɗaya tak zuwa tsohon salo, ta adana.

Allo ya yi baƙi. Farin layin ya ƙifta sau biyu ya ɓace. Tsohuwar manhaja ta fara tashi a hankali, hoton wata tsohuwa a kan kujera ya cika allon. Kafin kowa ya yi magana, sifika ta yi ƙara. Aka ji kujera ta motsa a wani ɗaki da ba wannan ba, aka ji an buɗe takarda, aka ji namiji ya yi gyaran murya, irin ta wanda ƙirjinsa ba lafiya.

"Inna, ni ne."

Gwaggo ta fizge wayar sifikar. Nas ta riga ta zame daga kujera ta durƙusa a ƙasa, hannu biyu a baki.

"Ba mu aka yi wa ba," in ji Gwaggo a hankali.

A cikin rumbun akwai wata ma'ajiya mai suna Inna, da muryoyi ɗari biyu da goma sha biyu, kowace da lambarta, kowace rabin awa. Ya tsara injin ya saki ɗaya duk ranar da ya tashi, bi da bi. Kwanakin da ke jikinsu sun nuna ya fara ɗauka ne a makon da likita ya gaya masa gaskiyar ciwonsa, gaskiyar da shi da ƙanwarsa suka ɓoye wa tsohuwa. Duk lokacin da yake kulle kansa a ɗaki ana cewa yana duba takardun ɗalibai, karatu yake yi wa uwarsa na kwanakin da ba zai gani ba. Dannawa ɗaya ta rage a ƙasan bene, da duk sun tafi, kuma da ba wanda zai taɓa sanin sun wanzu. Shaf-shaf ya zauna a kan matakala ya daɗe yana kallon yatsansa.

Washegari Gwaggo ta rufe shago da rana, abin da ba ta saba ba, ta raka injin gida da kanta. Ɗakin ƙarami ne. Gado a gyare, riga a rataye a bayan ƙofa, jan biro a kan tebur ba murfi, da murabba'in wuri mai tsabta a cikin ƙura inda kwamfutar take zama. Ta mayar da ita daidai wurin, ta mai da lissafin zuwa lamba ta ɗaya, ta kashe ta. Tsohuwa tana bakin ƙofa a kan kujerarta, ta rame har zobe yana yawo a yatsanta. Nas ta tsaya a gefenta.

"Wace ce wannan?" in ji tsohuwa.

"Mai gyara ce, Inna."

"Kin taɓa masa kaya?"

"Layi ɗaya na taɓa, Hajiya," in ji Gwaggo. "Shi ma mayar da shi na yi yadda yake da."

Ƙarfe huɗu fanka ta juya. Tsohuwa ta ɗaga kai, yadda ta yi kwana casa'in. Wannan karon kujera ta motsa, takarda ta buɗe, aka yi gyaran murya.

"Inna, ni ne. Sannu da gida. Matso da kujerarki ciki, kin san ba na son ɗaga murya. Idan kina jin wannan, to na yi nisa. Amma littafin nan ba mu ƙarasa shi ba, akwai kuma wasu biyar a bayansa."

Gwaggo ta zaci za a yi kuka, ta ma shirya fita. Tsohuwa ba ta yi ba. Ta kama hannun kujera, ta ja ta da kanta har cikin ɗakin, ta gyara mayafi.

"Ka makara," ta ce wa injin. "Wata uku ina zaune a ƙofar nan." Sannan ta juya wajen da take jin numfashin 'yarta. "Ke, kawo mini abinci. Zan ci ina ji."

Bayan an gama, Nas ta ja Gwaggo gefe ta tambaye ta abin da zai faru idan aka kai ta ƙarshe. Gwaggo ta ce za ta iya sa shi ya koma farko ya yi ta maimaitawa, za ta kuma iya kashe layin da ke tashin injin. Ta ce wannan ba hukuncin mai gyara ba ne. Sun manta da kunnen tsohuwa.

"Kada a maimaita," in ji ta daga cikin ɗaki. "Kun ji yadda yake numfashi. Yaron nan da ƙyar ya yi wannan. Idan ya gama, a bar shi ya huta."

Gwaggo, mai haƙurin karanta abin da kowa ke tsallakewa, mun gode. Ke ce kika tsaya kika saurari injin da kowa yake so a rufe masa baki. Ba ki san akwai murya a ciki ba, kuma a nan girman abin yake, domin haka kika yi wa dubban injunan da ba a samu komai a cikinsu ba sai tsofaffin takardu. Allah ya saka miki, ya ba hannuwan nan hutu. Ku kuma samarin da za ku gaji barandar, ba a ce ku daina sauri ba, aiki yana da yawa. Amma kafin ku danna abin da ba ya dawowa, ku karanta allon har ƙasa, ku ɗaga kai ku dubi wanda ya kawo kayan. Shaf-shaf ya fara, kuma bai mutu ba.

Yanzu tsohuwa ta yi ƙiba kaɗan, zoben ya zauna. Murya ta ƙarshe za ta faɗo kwana tara bayan Gwaggo ta miƙa mukullin shago, kuma wannan ne aiki guda da ta riƙe wa kanta. Ranar za ta je gidan, ta jira a tsakar gida har karatun ya ƙare, ta shiga ta kashe layin, sannan ta sa sabuwar manhajar da mai ɗakin ya fara bai ƙarasa ba. Tsohuwa ta roƙi abu ɗaya, Gwaggo kuma ta yarda. Ta ce idan an zo danna maɓallin da zai kashe layin, a ɗora yatsanta a kai.